Bindiga A Gida, Ko Shari'a A Kotu?

Ran Lahadi 17 ga Oktoba, 2021, 'yan bindiga suka faɗa wa kasuwar Goronyo, suka kashe mutum fiye da 40. A 2018 ma sun yi irin wannan ta'asa a Tabanni, cikin ƙasar Rabah. Daga can har Wurno, magidanta suna ta gardama.

Waɗansu sun ce a bar kowa ya riƙe bindiga. A 2022 Gwamnan Zamfara na lokacin, Bello Matawalle, ya goyi bayan haka. Waɗansu kuwa sun ce Dokar Makamai ta 1959 ta hana riƙe bindiga ba lasin, kuma da dalili.

Mu dai mu lura. Bindigar da aka saya domin ɓarawo, ita ce kusa da hannu ran da aka yi faɗa kan iyakar gona. Manzo Bulus ya koya mana a Romawa 13 cewa hukunta mugu aikin mahukunta ne. Sai mu matsa musu su kama mai kisa, alƙali ya yanke masa hukunci. In an kira mu shaida kuwa, mu faɗi gaskiya, ko da ɗanmu ne.