Masu Hidimar Jinya a Lokacin Annobar Korona

Sa'ad da annobar korona ta iso Kano a watan Afrilun 2020, umarnin hukumomin lafiya shi ne kowa ya zauna a gida, ya nisanci cuɗanya. Akwai waɗanda wannan umarni bai yiwu a gare su ba, wato mataimakan jinya a asibitoci, da masu renon marayu, da masu kula da tsofaffi da naƙasassu a gidaje. Wanda aikinsa shi ne ya juya majinyaci a gado, ya yi masa wanka, ya ba shi abinci a baki, ba shi da halin nisantarsa.

Dokar kulle ta fara aiki ana dab da azumi. Abin hawa ya yi wuya, abinci ya yi tsada, ga mace-mace sun yawaita, har daga baya Ministan Lafiya ya ambaci mutum 979 da suka rasu a birnin cikin 'yan makonni. A wannan hali waɗannan bayin Allah suka ci gaba da fita.

Da dabaru masu sauƙi suka jure. Wasu suka tare a wurin aiki na kwanaki, gudun kai wa iyalansu cutar. Masu komawa gida sukan sauya tufafi a zaure, su yi wanka kafin su taɓa 'ya'yansu. Inda kayan kariya suka yi ƙaranci, aka dogara da takunkumin yadi da teloli suka ɗinka, da sabulu da ruwa. Da maƙwabta suka fara ƙyamarsu, sai suka riƙa kiran juna a waya suna ƙarfafa wa juna gwiwa, adashi kuma ya toshe abin da albashi ya gaza.

Abin lura ga kwamitocin masallatai shi ne, karɓar albashi ba ya fitar da mutum daga sahun mabuƙata. A mazhabar Malikiyya, faƙiri shi ne wanda abin hannunsa ba zai ishe shi shekara ba, kuma da yawa daga cikin waɗannan ma'aikata haka suke. Zakka tana halatta a gare su saboda buƙatarsu, amma ba a matsayin ladan aiki ba. Albashi da kayan kariya kuwa, sai daga waƙafi da sadaka.

Ya kamata kowane kwamiti ya san irinsu a unguwarsa tun yanzu, domin galibinsu kunya ba ta barinsu su roƙa. Allah Ya saka musu da alheri, Ya kiyaye mu daga annoba.