BINDIGAR TSUNTSU MAI ƊURA KANTA: ABIN DA YA KAMATA MANOMI YA SANI

Kowace shekara in kaka ta yi, gero ya nuna, dawa ta yi kai, shinkafar fadama ta soma ja, ba manomi kaɗai ne ke murna ba. Zabin daji da fakara da kurciya da hasbiya duk sai su yi ta sauka gona, a fadamu kuwa ga dinya ga kirinjijiya. A lokacin nan ne zancen bindiga kan tashi a kasuwa da zaure. Wani yana so ya tsare amfaninsa, wani kuwa naman miya ya ke nema.

A 'yan shekarun nan samari suna ganin hoton wata irin bindiga a wayoyinsu, wadda Turawa ke harbin agwagi da ita sau uku a jere, ba tare da maharbin ya sauke ta daga kafaɗa ba. Sai a ji ana cewa ai wanda ya sami irin wannan ya gama da tsuntsu. To, kafin mutum ya sayar da buhunan hatsinsa ya miƙa wa dillali kuɗi, ya kamata ya san yadda bindigar nan ta ke, da yadda masu ita ke zaɓenta, da kuma abin da doka ta ce a kanta. Gama wanda ya sayi bindiga da ka, yana iya hasarar kuɗinsa, ko idonsa, ko ya tsinci kansa a kurkuku.

YADDA TA KE AIKI

Bindigar tsuntsu ba dunƙulallen harsashi guda ta ke fitarwa ba. A cikin kowane kwanso akwai albarushi da ƙananan ƙwayoyin darma masu yawa, waɗanda kan bazu in sun fita, kamar an watsa tsaba. Mai baki ɗaya in ta tashi sau ɗaya sai an karya ta an sake ɗurawa. Mai baki biyu kan tashi sau biyu. Ita kuwa mai ɗura kanta bututu ɗaya gare ta, amma a ƙarƙashinsa akwai ma'ajiyar harsashi. Da an ja kunama ta tashi, sai ƙarfin harbin nan ya tura sakatarta baya, ta tofar da tsohon kwanso, ta ɗauko sabo ta sa a gurbinsa. Amma fa ba bindigar soja ba ce mai ruwan wuta, kowane harbi sai an sake jan kunama.

Wanda ya fara ƙera irinta har ta karɓu wani Ba'amurke ne, John Browning. Ya tsara ta a 1898. Da suka kasa daidaitawa da kamfanin Winchester a kan kuɗi, sai ya haye teku a 1902 ya kai wa kamfanin FN na ƙasar Beljiyam. Aka sa mata suna Auto-5, don tana cin harsashi 5, huɗu a ma'ajiya ɗaya a baki. Ba a daina ƙera ta ba sai a 1998, bayan an yi fiye da miliyan 2.

IRI UKU NE

Abu na farko da mai saye ke dubawa a ƙasashen da a ke ƙera ta shi ne hanyar da ta ke ɗura kanta. A tsohuwar ta Browning, bututun ne gaba ɗaya ke ja da baya tare da sakata, sa'an nan sifirin ya komo da su. Ƙarfi gare ta ƙwarai, amma tana da nauyi, yanzu kuwa galibi sai a kwance a ke samunta.

Iri na biyu da hayaƙin albarushi ya ke aiki. Akwai 'yan ramuka a jikin bututu, inda wani kashi na hayaƙin kan bi ya tura fistin, shi kuma ya tura sakata. Remington 1100, wadda ta fito a Amurka a 1963, ita ce ta sa irin wannan ya yi suna. Kyaunta shi ne ba ta naushin kafaɗa sosai, don haka mutum kan yini yana harbi bai ji jiki ba. Aibinta kuwa ƙazanta. Baƙin albarushi kan taru a ramukan nan, in ba a wanke ta a kai a kai ba sai ta cije. A ƙasa mai ƙura da hazon hunturu, in mai ya haɗu da ƙura sai ya zama kamar kwaɓaɓɓen yumɓu.

Iri na uku shi ne wanda kamfanin Benelli na ƙasar Italiya, wanda aka kafa a 1967, ya shahara da shi. A nan wani kakkauran sifirin ne a cikin sakata ke matsewa sa'ad da bindiga ta zabura baya, sa'an nan ya buɗe ya jefa sakatar. Ƙarafunta kaɗan ne, ba ta da nauyi, hayaƙi kuma ba ya shiga cikinta. Sai dai ta fi naushi, kuma in harsashin rarrauna ne wani lokaci takan kāsa ɗura na biyu. Kowane allazi da nasa amanu.

FAƊIN BAKI DA TSAWON KWANSO

Akan ji ana cewa wannan lamba 12 ce, waccan lamba 20. Asalin lissafin shi ne, in aka raba laba ɗaya ta darma aka yi dunƙule 12 daidai wa daida, to, faɗin dunƙule guda shi ne faɗin bakin lamba 12, watau wajen milimita 18 da rabi. Lamba 20 ba ta kai milimita 16 ba. Ke nan in lamba ta hau, baki ya tsuke. Lamba 12 ita ce ta kowa da kowa, tana ɗaukar tun daga kurciya har dinya, harsashinta kuma ya fi sauƙin samu. Lamba 20 ta fi daɗin ɗauka ga mai yawon neman fakara, ko mutum mai ƙaramin jiki.

A nan akwai babban hatsari. In aka yi kuskure aka jefa harsashin lamba 20 a bindiga lamba 12, zai zarce ya maƙale a cikin bututu, ba a ganinsa. In aka ɗora lamba 12 a bayansa aka harba, bututun na iya tarwatsewa a hannun mai shi. Saboda haka ba a haɗa iri biyun nan a aljihu ɗaya ko kusa.

Tsawon kwanso ma iri iri ne: inci 2¾, da inci 3, da inci 3½. Akan buga awon da bindiga ke ci a jikin bututunta. Mai cin dogo tana cin gajere, amma ba a sa dogo a mai cin gajere, ko da ya shiga.

MATSIN BAKI DA GIRMAN ƘWAYA

Maƙera sukan ɗan tsuke bakin bututu don ƙwayoyi su tafi a dunƙule. Ga yadda a ke aunawa: a kafa takarda a nisan yadi 40, a zana da'ira mai faɗin inci 30, a harba. In bakin ba shi da matsi, wajen kashi 40 cikin 100 na ƙwayoyin ne za su faɗa cikin da'irar. Mai rabin matsi kan zuba wajen 60, mai cikakken matsi wajen 70. Fakara da ke tashi fir a gaban mutum buɗaɗɗen baki ta ke so, dinya mai wucewa can sama kuwa sai matsattse. Bindigogin zamani suna zuwa da 'yan bututun da a ke ɗaurawa a baki a sauya matsin. A nan mai baki biyu ta yi wa mai ɗura kanta zarra, gama ita matsi biyu gare ta a lokaci guda, ɗaya na kusa ɗaya na nesa.

Ƙwayoyin ma lamba gare su, in lamba ta hau ƙwaya ta ƙanƙance. Lamba 7 ko 8 ta kurciya ce, 5 ko 6 ta zabo da fakara, 4 ta agwagwa. Kowace iri ce, bayan yadi 40 raunata tsuntsu kawai a ke yi, ya je ya mutu a inda ba mai amfana da shi.

Sauran abu ɗaya, wanda ya fi sunan kamfani muhimmanci, shi ne bindiga ta dace da jikin mai ita. Mutum ya rufe ido, ya ɗaga ta zuwa kafaɗa, kuncinsa a kan katako, sa'an nan ya buɗe. In idonsa ya miƙe sak bisa bututu, ta dace. In sai ya karkata wuya, to, ko nawa ya saye ta sama ko ƙasa zai riƙa harbi.

DOKA A ƘASASHEN DA SU KE ƘERA TA

Abin da hotunan waya ba su nunawa shi ne, su kansu masu ƙera bindigar nan sun ɗaure ta da doka. A Amurka tun 1935 ba a yarda a harbi tsuntsaye masu ƙaura da bindiga mai cin fiye da harsashi 3 ba. Tilas a cusa toshi a ma'ajiyar ya rage ta. A Ingila dokar 1981 ta hana harbin tsuntsu da mai ɗura kanta in ma'ajiyarta na cin fiye da 2. Watau duk abin da ta fi mai baki biyu da shi harbi ɗaya ne tak.

Har wa yau, tun 1991 Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da ƙwayoyin darma, don agwagi kan tsince su a cikin taɓo su haɗiye su mutu. Da na ƙarfe a ke harbinsu yanzu. Mutanen Zamfara ba sa bukatar a gaya musu sharrin darma, gama a 2010 gubarta daga duwatsun zinariya ta kashe yara ɗaruruwa. Mai dafa naman harbi ya tabbata ya tsince ƙwayoyin sarai.

ABIN DA DOKAR NIJERIYA TA CE

Dokar bindigogi ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Akwai bindigar toka da danginta, waɗanda a ke ɗurawa ta baki, lasisinsu a hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ya ke. Akwai bindigar da mutum kan mallaka don farauta, kamar mai baki ɗaya da mai baki biyu, wadda Sufeto Janar ke ba da lasisinta. Sa'an nan akwai haramtattu, waɗanda ba mai ba da izninsu sai Shugaban Ƙasa. Dokar ta fito fili ta cire mai ɗura kanta daga kashi na biyu, haka kuma duk wadda ke da na'urar sake ɗurawa, kamar wadda a ke zuge wa hannu gaba da baya. Ke nan cikin haramtattu su ke, kuma hukuncin riƙe su ba izni ɗaurin shekaru ne masu yawa.

Saboda haka duk dillalin da ya ce zai kawo wa manomi irin wannan a ɓoye, takarda ta biyo baya, rami ya ke gina masa. A wannan zamani na 'yan fashin daji, wanda aka kama da ita a bukkar gona ba wanda zai tsaya jin cewa zabo ya ke nema. Wanda ke son ko da mai baki ɗaya ce, hedkwatar 'yan sanda ta jiharsa zai fara zuwa ya ji abin da a ke ciki, tun kuɗinsa na aljihu.

JANBAKI BA ABOKIN BINDIGA BA NE

Wanda kuwa ke zaton bindiga za ta raba shi da janbaki, ya sake lissafi. Nauyin tsuntsun nan wajen giram 20 ne kawai, amma garke guda kan kai miliyoyi. Ko da kowane harbi ya kashe ashirin, kuɗin harsashin ya fi hatsin da aka tsira da shi, sauran kuwa su tashi su sauka a gonar maƙwabci. Abin da ke maganinsu shi ne manoman gari su yi shuka lokaci ɗaya don ɓarnar ta rarrabu, su yi girbi da zarar amfani ya nuna, su ja igiya da gwangwanaye, su kuma gaggauta gaya wa malaman gona inda tsuntsun ke kwana. A jihohi irin su Kebbi da Jigawa da Yobe da jirgin sama a ke yi wa makwancinsu feshi, a yankin Tafkin Chadi kuwa da raga a ke kama su da dare a kai kasuwa.

Ba kowane tsuntsu a ke ɗaga wa bindiga ba kuma. Shamuwa da balbela fara da tsutsa su ke ci, barorin manomi ne da ba a biya. Gauraka ya yi wuyar gani. Wuraren da Gwamnati ta keɓe, irin su Dagona a ƙasar Bade, inda agwagi daga Turai ke sauka da hunturu, an hana farauta a cikinsu. Da damina kuwa, sa'ad da zabuwa ke kwance kan ƙwai, wanda ya harbe ta ya kashe garken baɗi.

Mai bindiga da lasisinsa, ya tuna ƙwayoyin da ba su kashe fakara a yadi 60 suna iya tsiyaye idon yaro a nesa da haka, da kaka kuwa gonaki cike su ke da masu girbi da makiyaya. Kada a harba cikin karan dawa don an ji motsi. Kada a tsallake rafi ko shinge da bindiga a ɗure. In an komo gida a fid da harsashi, a goge bututu, a kulle bindiga dabam harsashi dabam. Maharbin da ya san nisan yadi 40, ya kuma iya haƙurin jira, harbi biyu sun ishe shi kai zabo gida.