Abin Da Ke Sa Itacen Rogo Ya Yi Saiwa

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato cikin 1978, manoman Talata Mafara da Bakura da Maradun suka sami ruwan noman rani. Amma ruwa kaɗai ba ya sa dashe ya kama. Mutum yakan sayi damin itacen rogo da kuɗinsa, ya ba yara su dasa, bayan mako uku ya tarar kunya duk giɓi. Sai ya ce iri ne ba kyau. Sau da yawa kuwa laifin na masu dashen ne, sun kife shi kai ƙasa.

Ga dalili. Akwai wani magani da tsiro ke yi wa kansa a cikin toho da ɗanyen ganye, masana suna kiransa oksin. Wani mutumin ƙasar Holan, Frits Went, shi ya fara tatso shi daga kan tsiro cikin 1926. Abin mamaki, maganin nan hanya ɗaya yake bi, watau daga kan reshe zuwa gindi, ko yaya aka juya reshen. In aka sare, sai ya taru a bakin saran na gindi, a nan saiwa za ta fito. To, in gindin yana sama cikin rana, ina amfani? Wanda aka kife, ko ya tsiro, yakan makara, ya yi 'ya'ya kaɗan.

Saboda haka manomi ya duba idanun su fuskanci sama. Ya sari ƙosasshen itace, tsawon inci 8 zuwa 10, mai ido 5 zuwa 7, kada kuma ya bar shi ya bushe a rana. Dankali kuwa, kan yaɗon mai ɗanyen toho ya fi tsohon gindi saurin kamawa.

Cikin 1935 masana a Amurka suka haɗa irin maganin nan da hannu, har ana sayar da garinsa, a tsoma gindin reshe a ciki kafin a dasa. Yana taimakon itatuwa masu taurin kai, kamar gwaiba, amma in ya yi yawa sai ya hana saiwar tsawo. Rogo da dankali da rake ba su bukatarsa, balle zogale da ake kafawa a shinge. Mai rogo ya riƙe kuɗinsa ya sayi taki.