Botswana: Ƙasar da Shugabanta Ya Ɗaure Hannun Kansa

A shekarar 1967, Botswana ba ta ko cika shekara da samun 'yancin kai ba, masu binciken ma'adinai na kamfanin De Beers suka gano lu'ulu'u a Orapa, wani daji da ba kowa a cikinsa sai makiyaya da shanunsu. Wurin yana cikin ƙasar Bamangwato, ƙabilar shugaban ƙasa Seretse Khama, wanda a gidan sarautarta aka haife shi. A tsarin da aka gada, arzikin da ke ƙarƙashin ƙasar kowace ƙabila nata ne. Tagullar da aka riga aka gano a Selebi-Phikwe ita ma a ƙasar Bamangwato take. Da Seretse ya naɗe hannu ya yi shiru, da danginsa sun zama attajiran ƙasa, sauran ƙabilu su koma 'yan kallo. Sai ga shi a wannan shekarar gwamnatinsa ta shawo kan sarakuna, majalisa ta zartar da dokar da ta mayar da ma'adinan ƙasashen ƙabilu mallakin ƙasa baki ɗaya. Mutanensa ne suka fi kowa asara a dokar.

Duk inda aka zauna ana tattauna abin da ya hana ƙasashen da Turawa suka mulka ci gaba, gida biyu ake rabuwa. Wasu su ce laifin shugabanni ne, addu'arsu kullum Allah ya kawo nagari. Wasu su ce mutum ɗaya ba ya gyara ƙasa, sai an sami kotu da majalisa da ma'aikatan gwamnati da ba sa jiran waya daga fadar shugaban ƙasa kafin su yi aikinsu. Wannan ra'ayi na biyu Barack Obama ya ɗauka a jawabinsa ga majalisar dokokin Ghana a 2009. Amma muhawarar ta tsallake abu guda. Irin waɗannan hukumomi ba daga sama suke faɗowa ba. Wani mai iko ne yake yarda ya yanki nasa ikon ya miƙa musu, a lokacin da babu mai iya tilasta masa. A ganina, nan ne asirin Botswana yake.

Ranar 30 ga Satumba, 1966, da aka sauke tutar Birtaniya, ba wanda ya yi wa ƙasar zaton alheri. Ta fi Faransa faɗi, amma yawancinta hamadar Kalahari ce, kuma titin kwaltar da ke cikinta bai wuce kilomita 12 ba. Masu digiri 22 ne, waɗanda suka gama sakandare kuwa kamar 100. Fari ya yi wa shanu kisan kiyashi. Albashin ma'aikata ma sai da tallafin Landan ake biya. Har zuwa 1965 hedikwatar mulkin ƙasar a Mafeking take, cikin Afirka ta Kudu, wato a wajen ƙasar da ake mulka. Ga gwamnatocin tsirarun fararen fata sun sa ta a tsakiya, a kudu da yamma da gabas.

Wannan halin ko-in-kula na Turawa ya zo da wani alherin da ba su yi niyya ba. Birtaniya ta kafa mulkin kariya a Bechuanaland, wato Botswana ta yau, a 1885 don tsare hanyarta ta zuwa arewa, ba don tana sa ran samun komai ba. Da aka yi shirin miƙa yankin ga kamfanin Cecil Rhodes, sarakuna uku, Khama na Uku da Sebele da Bathoen, suka tafi Ingila a 1895 suka yi ta zagaya garuruwa suna neman goyon baya har shirin ya sha ruwa. Saboda ba a matsa wa ƙasar da mulki ba, wani tsohon tsari na mutanen Tswana ya tsira da ransa, wanda suke kira kgotla.

Kgotla fili ne a tsakiyar gari, an kafe shi da kututturan itace a jere, sau da yawa a gindin wata babbar bishiya. Nan ake shari'a, nan ake yanke shawarar rabon gona da maganar haraji. Sarki yana zaune, magidanta suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi albarkacin bakinsa, har da wanda ya zo sukar sarkin a gabansa. Sai an gama sarki yake magana, kuma sarki mai hankali ba ya yanke abin da ya ga taro ya juya wa baya. Tsarin yana da nasa zaluncin, domin a da mata ba su da bakin magana a ciki, haka ma ƙabilun da ake yi wa kallon bayi. Duk da haka ya koya wa masu mulki cewa akwai wurin da dole su tsaya a tambaye su. A wurare da yawa, har da Arewacin Nijeriya, mulki ta hannun sarakuna ya juya al'amarin: sarki ya fi tsoron Razdan a kan talakawansa, tunda Razdan ne mai tuɓe rawani.

Shi kansa Seretse ya ɗanɗani tsarin biyu. A 1948, yana karatun lauya a Landan, ya auri wata Baturiya, Ruth Williams. Baffansa Tshekedi, wanda ke riƙon sarauta, ya ce atafau ba za ta saɓu ba. Aka kai magana kgotla a Serowe, aka yi zama bayan zama, har a watan Yunin 1949 dubban mutane suka miƙe tsaye suka ce sun karɓe shi da matarsa. Gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, wadda a shekarar ta haramta aure tsakanin baƙi da fari, ta tayar da ƙayar baya. Birtaniya tana bukatar zinare da yuraniyom na Afirka ta Kudu. Sai aka kira Seretse Landan a 1950, aka hana shi komawa gida. Bai dawo ba sai 1956, bayan ya sa hannu cewa ya haƙura da sarauta.

Da jam'iyyarsa ta BDP ta ci kujeru 28 cikin 31 a zaɓen 1965, ɗan sarkin ya fara da rage wa sarakuna ƙarfi. Majalisar sarakuna ta zama ta ba da shawara kawai. Dokar 1968 ta ɗauke rabon filaye daga hannunsu ta ba hukumomin ƙasa na yankuna. Sarkin Bangwaketse, Bathoen na Biyu, ya fusata ya ajiye rawani a 1969, ya shiga jam'iyyar adawa, ya kuma kayar da mataimakin shugaban ƙasa Quett Masire a mazaɓarsa ta Kanye. Ba a kama shi ba, ba a soke zaɓen ba. Ya je majalisa ya zauna a kujerarsa. Kgotla kuwa aka bar ta, har yau ministoci suna bin garuruwa suna kare manufofinsu a cikinta.

Inda aka fi ɗaure hannun shugaba shi ne wajen kuɗi. An haɗa tsara ayyuka da baitulmali a ma'aikata ɗaya, Masire ya riƙe ta. Duk aikin raya ƙasa sai ya shiga kundin tsari na shekaru wanda majalisa ta amince da shi, kuma ba a fitar da ko sisi kan aikin da ba ya ciki sai an koma majalisa. Minista ba shi da damar ya je ta'aziyya garinsu ya yi alkawarin filin jirgin sama. Haka nan ba su yi gaggawar sallamar ƙwararrun ma'aikata 'yan waje ba, sai da suka horar da nasu, duk da gorin da ake musu a lokacin cewa ba su san daɗin 'yanci ba. Da De Beers kuwa ciniki suka yi ta yi maimakon ƙwace: kason gwamnati a kamfanin haɗin gwiwa, wanda ake kira Debswana yanzu, ya tashi daga kashi 15 cikin 100 zuwa rabi a 1975, kuma idan aka haɗa da haraji, mafi yawan ribar gida take zama. Ƙasar ba ta ma kafa rundunar soja ba sai 1977, da sojojin maƙwabciyarta Rodeshiya suka addabi kan iyaka.

An gwada tsarin a 1981 zuwa 1982, lokacin da kasuwar lu'ulu'u ta faɗi, aka yi watanni ana tara duwatsu ba mai saye. Gwamnati ta rage kashe kuɗi, ta dakatar da ƙarin albashi, ta karya darajar kuɗinta, Pula, ta jingina da ajiyar da ta yi a shekarun yalwa. Ta fita ba tare da ta faɗa ramin bashin da ya haɗiye ƙasashen Afirka da yawa a shekarun 1980 ba. A 1994 ita ce ƙasa ta farko da Majalisar Ɗinkin Duniya ta cire daga jerin ƙasashe mafiya talauci.

Mai karatu a Kano ko Sakkwato zai iya cewa ai mu ma muna da irin wannan doka. Gaskiya ne. Dokar man fetur ta 1969 ta mallaka wa gwamnatin tarayyar Nijeriya duk man da ke ƙasa. Abin da ya biyo baya shi ne garaɓasar ƙarin albashin Udoji a 1974, da ɗaruruwan jiragen ruwa maƙare da siminti da suka toshe tashar Legas a 1975. Asusun rarar kuɗin mai da aka buɗe a 2004 ya tara biliyoyin daloli, aka yi ta yagarsa har ya kusa ƙarewa. Takardar iri ɗaya ce, amma a wuri ɗaya an gina wa dukiyar rumbu mai ƙofa, mabuɗin yana hannun mutane da yawa, a ɗayan kuwa an zube ta a tsakar gida.

Kada a ɗauka waliyyai ne suka mulki Botswana. Yawancin shugabannin farko masu garken shanu ne, naman da ake fitarwa Turai daga mayankar Lobatse shi ne arzikinsu. Tsaron dukiya da kuɗi mai daraja daidai da hanyoyi masu kyau duk gaban kansu suke gyarawa. Sa'ar ƙasar ita ce bukatarsu ta zo ɗaya da ta makiyayi mai shanu goma. Cin hanci ma ya shigo da kuɗi suka yi yawa. Binciken badaƙalar filaye a wajen Gaborone ya sa mataimakin shugaban ƙasa Peter Mmusi ya yi murabus a 1992, aka kafa hukumar yaƙi da rashawa a 1994. Bayan nan aka ƙayyade wa shugaba shekara goma, Masire, wanda ya gaji Seretse a mulki, ya sauka da kansa a 1998. Magajinsa Festus Mogae ya tarar da cutar ƙanjamau tana neman cinye ƙasar, ya fara raba magani kyauta a 2002, abin da ba zai yiwu ba da an tarar da baitulmali wayam.

Akwai kuma inda tsarin ya gaza, kuma ba ƙaramar gazawa ba ce. Mutanen ƙasar ba su kai miliyan uku ba, amma tazarar da ke tsakanin mai shi da marar shi tana cikin mafiya faɗi a duniya. Mutanen San, mafarautan Kalahari, an kwashe su daga ƙasar kakanninsu a 1997 da 2002, sai a 2006 babbar kotu ta ce korar ta saɓa doka. Ian Khama, ɗan Seretse, da ya zama shugaban ƙasa ya kafa hukumar leƙen asiri mai faɗin iko a 2008, wadda daga baya ta juyo kansa da suka ɓata da magajinsa Mokgweetsi Masisi, har ya yi gudun hijira. Mafi girma duka, hukumomin da suka ƙware wajen tsare dukiya ba su iya haifar da sana'o'i ba. Haƙar lu'ulu'u injina ke yi, ba ta ɗaukar mutane da yawa. Gwamnati ta ilimantar da matasa, suka fito da takardu, zuwa 2024 fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu neman aiki suna zaune.

Waɗannan matasa ne suka yi hukunci a zaɓen ranar 30 ga Oktoba, 2024. Bayan shekara 58 a kan mulki, BDP ta tashi da kujeru 4 cikin 61. Tun ba a gama ƙirga ba Masisi ya fito ya amsa kaye, ya kira Duma Boko na gamayyar adawa ta UDC ya taya shi murna, aka miƙa mulki ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba.

Abin da Boko ya gada bai da daɗi. Lu'ulu'un da ake ƙerawa a masana'antun Sin da Indiya ya karya farashin na ƙasa, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na kuɗin da Botswana ke samu daga waje a kan wannan dutse yake. Tattalin arzikin ya ja da baya a 2024, ajiyar gwamnati ta zube ƙwarai, har a watan Agustan 2025 shugaban ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya saboda magunguna sun yanke a asibitoci. Sabuwar yarjejeniya da De Beers za ta ɗaga kason duwatsun da ƙasar ke sayarwa da kanta daga kashi 25 zuwa 40 cikin shekara goma, a kasuwar da masu sayen ke raguwa.