RIJIYAR MANTUWA: TAFIYARMU IKKO NI DA MAIGIDA

Yau na ajiye labaran da na saba ƙirƙira maku a littafi, nawa na kaina zan ba ku.

Shekararmu uku da aure, amma in aka lissafa kwanakin da maigida ya yi a ɗakina a Kambarawa, ba su cika shekara guda ba. Albasa da tumatir yake saidawa a kasuwar Mile 12 ta Ikko. Sai ya yi wata uku, wani sa'in huɗu, bai leƙo gida ba. Kun dai san bakin mata. Rannan a gidan suna wata ta dube ni ta ce, "Ke kina nan kina rubuta soyayya a takarda, wata na can Agege tana yin ta a fili." Na yi dariya a gabansu, na koma gida na kwana ina kuka.

Da ya zo a Disambar 2023, na durƙusa na ce, "Yaya, don Allah wannan karon ka tafi da ni, ko na sati biyu ne." Hajiyarsa na jin maganar ta ce, "Mi mace za ta je yi ƙasar Kurmi?" Sai da Baffansa ya sa baki sannan ta yarda, muka bar mata Ummi.

Tafiyar ta haura kilomita 1,000, a mota muka kwana. Da muka isa Agege ya buɗe ɗakinsa, sai jikina ya yi sanyi. Katifa ce ɗaya, da risho, da buta, da hoton Ummi manne a bango. Tun kafin asuba yake fita tarar motocin kaya, sai bayan isha'i ya dawo ƙafa duk ta kumbura. Kishiyar da na ƙulla a raina dai ban gan ta ba, amma haushin daɗewar da yake yi yana nan a maƙogwarona.

Ranar Lahadin farko na ce ya kai ni Bar Beach da iyayenmu ke ba da labari. Ya ce ai wannan ta zama tarihi, an cike wurin da yashi an kafa sabuwar unguwa mai suna Eko Atlantic. Sai muka nufi gandun dajin Lekki, wanda aka buɗe a 1990. Ni da na saba da dogon yaro da ƙirya, sai ga ni cikin kurmi, rana tsaka amma kamar magariba don duhun itatuwa, birai na tsalle a kanmu. Akwai wata gada ta igiya da ƙarfe da aka rataya can saman itatuwa, tsawonta mita 401. Ina takawa ta fara lilo, na ƙanƙame hannunsa ina salati. Ashe shi ma hannun rawa yake. Na ce, "Yaya, kai ma?" Ya ce, "Rufa mani asiri, shekarata takwas a garin nan ban taɓa zuwa ba." Muka yi ta dariya. Rabon da in ji dariyarsa irin wannan tun muna zance a zauren gidanmu.

Lahadi ta biyu muka tafi Badagry, kusa da iyakar Najeriya da Benin. A nan muka ga benen da 'yan mishan suka gina a 1845, muka ga sarƙoƙin da ake ɗaure bayi da su. Na ɗaga guda, da ƙyar na iya riƙe ta. Daga nan muka sa rigar kariya muka shiga kwale-kwale, cikin 'yan mintoci ya tsallakar da mu tsibirin Gberefu. Da ƙafa ake ratsa tsibirin, cikin yashi da itatuwan kwakwa, ta hanyar da bayi suka bi zuwa bakin teku inda jirage ke jiransu. Cikin waɗanda aka kwasa daga wannan gaɓa ta Yammacin Afirka har da Hausawa. Da yawansu a Bahia ta ƙasar Birazil suka ƙare, inda suka ƙulla tawaye a 1807, wasu kuma suka shiga boren bayi Musulmi na 1835.

A tsakiyar hanyar akwai wata rijiya. Mai yi mana bayani ya ce daga ita ake shayar da bayi, wai ruwanta na sa mutum ya manta gida. Ban san sa'ad da na juya na ce, "Ko kai ma ka sha ne, shi ya sa kake wata huɗu ba ka tuna mu?"

Bai amsa ba har muka isa bakin teku. Ruwa ne ba iyaka, igiyarsa na tasowa kamar katanga tana dukan yashi da ƙara. Mutanen wurin suka gargaɗe mu kar mu shiga, don yana ja. Nan muka zauna, ya ce, "Wallahi ban manta ba. Kuɗin mota zuwa da dawowa nake tarawa don in kammala mana ginin nan. Laifina da ban taɓa zama na faɗa maki ba." Na ce, "Ni ma laifina da na saurari mata ban tambaye ka ba." A wurin muka yanke cewa ba zai ƙara haura wata biyu bai zo ba, ko da ginin zai yi jinkiri. Har yau bai saɓa ba, Alhamdulillahi.

Don haka ina kira ga iyayen gida masu neman abinci a Kurmi, ku daure ko sau ɗaya ku kai matanku su ga inda kuke kwana da yadda kuke samo abin da ake ɗorawa a murhu. Wanda bai da halin Ikko, ga dam ɗin Zobe nan a Dutsin-ma, yini guda ya isa. Akwai maganar da ba ta faɗuwa a tsakar gida, gaban surukai da yara. Mu kuma mata, in zargi ya shiga zuciya, mai ɗakin za a tambaya da ladabi, kar a kai wa 'yan gidan biki.

Allah Ya zaunar da mu lafiya a ɗakunanmu, Ya dawo da matafiyanmu gida lafiya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.