Tallafin Karatun Hulɗar Ƙasa da Ƙasa: Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani

Ɗalibin da ya tashi a Fakku, ko a wani gari na Kebbe da Tambuwal a Jihar Sakkwato, yakan ji labarin wane ya tafi karatu Ingila ba tare da ya kashe ko sisi ba. Abin da ba a cika bayyana masa ba shi ne inda kuɗin ke fitowa da sharuɗɗan da ke tattare da su.

Mene ne wannan tallafi?

Kuɗi ne da wani mai hali, ko gidauniya, ko gwamnatin wata ƙasa ke warewa domin ɗaukar nauyin ɗalibi. Ba bashi ba ne, don haka ya bambanta da lamunin NELFUND da gwamnatin tarayya ta fara rabawa a 2024, wanda ake biya bayan an kama aiki. Tallafin iri biyu ne. Na farko shi ne sikolashif, wato biyan kuɗin makaranta da na zama har a kammala digiri. Na biyu tallafin horo ne ko bincike ga wanda ya riga ya fara aiki, kamar shirin Mandela Washington na Amurka da aka soma a 2014, mai ɗaukar makonni 6.

Karatun hulɗar ƙasa da ƙasa kuwa ya shafi diflomasiyya, sasanta rikici, ciniki tsakanin ƙasashe da dokokinsu. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana ba da digiri a kansa, a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kuma ana taɓa shi a sashen kimiyyar siyasa.

Daga ina kuɗin ke fitowa?

Wasu masu bayarwa sukan ajiye dukiya mai yawa a hannun amintattu, a riƙa juya ta, ribar ce kawai ake kashewa a kan ɗalibai. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mutanen Sakkwato, domin tsarin wakafi ke nan. Haka tallafin Rhodes na Jami'ar Oxford ya ɗore tun daga wasiyyar Cecil Rhodes ta 1902. Wasu kuma daga kasafin gwamnati suke fitowa: Fulbright na Amurka tun 1946, Chevening na Birtaniya tun 1983. Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda shi ma yana da nasa, kodayake ya fi karkata ga kimiyya da fasaha.

Babu mai bayarwa don banza. Gwamnatoci suna neman abokai a cikin shugabannin gobe, gidauniyoyi kuma suna da manufofin da suke so a yi wa hidima. Wannan ba laifi ba ne, amma ya dace mai nema ya san da shi.

Yadda ake nema

A ɗauki Chevening. Na digiri na biyu ne, na shekara ɗaya. Ana buƙatar digirin farko mai kyau, da ƙwarewar aiki ta aƙalla shekara 2, da wasiƙun shaida daga mutum biyu. Mai nema zai zaɓi kwasa-kwasai 3 a jami'o'in Birtaniya, ya samu gurbi tabbatacce a ɗayansu, sannan ya rubuta bayanai a kan shugabancin da ya taɓa yi da abin da zai yi idan ya dawo. Ana cike fom ta intanet, yawanci daga watan Agusta, kafin a kira waɗanda suka tsallake zuwa ganawa.

A wajen neman nan ne wasu ɗaliban karkara kan faɗi, kuma ba don rashin ƙwaƙwalwa ba. Suna a takardar WAEC ya saɓa da na fasfo, ko ranar haihuwa ta sha bamban, ko jami'a ta yi jinkirin fitar da cikakken sakamako har wa'adi ya wuce. Wani kuma yakan raina aikin da ya yi, alhali koyarwa a makarantar gari ko shiga tsakani a rikicin manoma da makiyaya abubuwa ne da masu tantancewa ke ba muhimmanci, muddin an bayyana su dalla-dalla.

Abin da ke biyo baya

Wanda ya yi nasara yakan samu kuɗin makaranta, na jirgi da alawus na wata-wata. Sharaɗin Chevening shi ne ya koma ƙasarsa na shekara 2 bayan kammalawa. Guraben kaɗan ne idan aka kwatanta da masu nema, kuma galibinsu sun fi samuwa a matakin digiri na biyu. Saboda haka ɗan ajin farko ya fara da Hukumar Tallafin Karatu ta Jihar Sakkwato, ya kuma kula da makinsa tun yanzu.

Cike fom ɗin Chevening ko Fulbright kyauta ne. Duk wanda ya nemi kuɗi da sunan zai samo maka gurbi, ɗan damfara ne.