Tukunya Ɗaya a Tsakiyar Tebur: Liyafar Ranar Haihuwa a Gidan Sinawa

A ƙasar Sin, idan iyali za su yi wa wani nasu liyafar zagayowar ranar haihuwa, musamman da hunturu, sau da yawa ba dafaffen abinci ake kawo wa baƙi ba. Tukunyar romo ake ɗorawa a kan wuta a tsakiyar tebur, a kewaye ta da farantan ɗanyen nama da ganye da naman kaza da awara da taliya, kowa ya dafa abin da ransa ke so. Sinawa na kiran wannan abinci huoguo. Abin da ya fi burge ni da shi shi ne, uwar gidan da ta saba wuni a madafa tana jiyo shewar biki daga nesa, ran nan da ita ake zama tun daga lomar farko.

Ba wai babu aiki ba ne, a'a, kafin baƙi su iso ake gama shi, kuma romo ne kan gaba. A nan kowane yanki da nasa hannun. Mutanen Chongqing da Sichuan kitsen saniya suke narkawa, su soya busasshen barkono da citta da tafarnuwa a ciki, har romon ya yi jawur, maiƙo na yawo a samansa. Suna ƙara wani ɗan ƙwaya da suke kira huajiao, dangin fasa-ƙwarin da muke sawa a yaji, wanda ke sa leɓe ya yi zir-zir kamar ba na mutum ba. An ce ma'aikatan jiragen ruwa da 'yan dako na bakin kogin Yangtze ne suka yaɗa wannan salo, domin kayan ciki kaɗai kuɗinsu ke iya saya, shi ya sa har gobe tumbi ke da daraja a teburin Chongqing. A Beijing kuwa romon kusan ruwa ne zalla, da 'yar citta da albasa, cikin tukunyar tagulla mai bututu a tsakiya inda ake zuba garwashi, don kada wani abu ya danne daɗin naman rago. Gidan da ke da tsofaffi da yara kan nemi tukunya mai shamaki a ciki: gefe guda mai yaji, gefe guda lami.

Naman kuma yanka ne sirrinsa. Akan sa shi a firiza ya ɗan daskare, sannan a yayyanka shi fale-fale, har yana naɗewa a kan wuƙa. Kowa kuma zai haɗa abin dangwalensa a ƙaramin kwano: a arewa niƙaƙƙen riɗi, a Chongqing man riɗi da dakakkiyar tafarnuwa, wanda ke rage zafin lomar da raɗaɗin barkono.

Da romo ya tafasa sai a fara. Mutum zai kama yankan nama da sandunan cin abinci, ya tsoma, ya ɗan kaɗa shi, da jan ya gushe ya cire. Wanda hira ta ɗauke wa hankali, zai tarar namansa ya zama igiya, ko kuma ƙanensa ya riga shi tsamowa. Tumbi ya fi kowa rashin haƙuri: a tsoma a ɗaga, a tsoma a ɗaga, kamar daƙiƙa 15 ya isa. Dankali da sauran masu tauri su akan jefa da wuri a bar su can ƙasa. Nama ke fara shiga don ya ba romon daɗi, ganye ya biyo baya. Ladabin wurin shi ne matashi ya tsamo wa kakarsa kafin ya sa wa kansa, kuma a ware sandunan ɗaukar ɗanyen nama daban da na kai wa baki. Mai amfani da gawayi kuma ya buɗe taga, hayaƙinsa a rufaffen ɗaki na kisa.

Taliya ce ƙarshen shiga, lokacin da romon ya sha daɗin duk abin da aka dafa a ciki, kuma a ranar haihuwa ita ce uwar tafiya. Sinawa na ɗaukar tsawonta a matsayin fatan tsawon rai, don haka ba a kakkarya ta kafin a dafa, mai bikin ma yakan yi ƙoƙarin zuƙe ta ba tare da ya gutsure ba. Bikin cika shekara 60 ya fi sauran nauyi, saboda kalandarsu ta gargajiya tana kammala zagaye ne duk shekara 60. Yanzu kek ya shigo, kuma masu zuwa gidajen abinci irin su Haidilao, wanda aka kafa a Sichuan a 1994, sun san ma'aikata za su kewaye tebur da alluna suna rera wa mai bikin waƙa, ko da kuwa kunya za ta kashe shi.

Ɗan kasuwarmu da ke zuwa Guangzhou sarin kaya zai iya samun irin wannan gayyata daga abokin cinikinsa. Kada ganin naman sa a faranti ya sa ya saki jiki, domin romo da yawa da ƙashin alade ake dafa shi, wasu ƙwallayen naman ma da shi ake haɗawa. Sai ya tambaya, ko ya nemi wurin da ke da alamar halal, wadda suke kira qingzhen. Irin waɗannan wurare ba su da wuyar samu, don Musulmi 'yan ƙabilar Hui sun daɗe da ƙwarewa a tukunyar naman rago. Shahararren gidan abincin nan na Beijing, Donglaishun, Musulmi ne ya kafa shi a 1903, kuma har yau naman rago suke yankawa.